Takin Agusta ba taimako ba ne

To, mun ga hotunan rabon takin da hukuma ta yi, sannunku da aiki. An kafa rumfa, an jera buhunan taki kamar kayan lefe, manya huɗu sun riƙe buhu ɗaya suna miƙa wa tsoho, kowa idonsa na kan kyamara. A watan Agusta! Masara ta riga ta yi goyo, sai yanzu aka tuna akwai manomi a Arewacin Kamaru.

Kawuna na cikin waɗanda aka kira. Tun asuba ya hau babur, ya wuni a rana, ya dawo da buhu ɗaya ya jingine a zaure. Na ce, "Kawu, ba za a kai gona ba?" Ya dube ni ya ce, "Ɗana, in zuba wa wa? Ciyawa?" Har yanzu buhun na nan, kaji na kwana a kai.

Na san masu cewa da babu gara ba daɗi. Ku riƙe karin maganarku. Wasu kuma za su ce takarda ce ta makale a Yawunde. Damina ta taɓa jiran sa hannun wani? Ruwa na sauka a Garwa tun watan Mayu, a Yuni an yi shuka, kuma haka yake tun kafin a haifi mai ofishin. Duk hukumar da aka kafa don manomi, aikinta na farko ta san lokaci. In ta makara, biki kawai ta shirya.

Kada ma a ce abin ba ya yiwuwa. Tun 1974 Sodecoton, kamfanin audugar Kamaru, ke nan Garwa, yana ba manoman auduga iri da taki da maganin feshi bashi ta hannun ƙungiyoyinsu, a cire kuɗin ranar awo. Ka so tsarin ko ka ƙi shi, an gina shi ne a kan kalandar gona. To mai masara da dawa, wanda shi ke cika mana tukunya, laifin me ya yi?

Wallahi ba raini nake yi ba. Akwai malaman gona da ke shiga ƙauye cikin taɓo da man babur na aljihunsu, na gan su da idona, Allah ya saka musu. Su ma kunya ke kama su in an ce su tara mutane a karɓi takin da ba shi da sauran amfani bana. Ku kawo rabin buhu a Mayu, ba rumfa ba lasifika, za mu gode muku har ga Allah.

Af, tunda maganar lokaci ake, dashen muskuwari, wato dawar rani, ya kusa. Wanda ya san inda ake samun iri mai kyau ya taɓa ni. Ranar Lahadi na zagaya kasuwar Pitowa, wanda na tarar duk ƙwari sun huda shi, mai shi kuma sai rantsuwa yake wai na bana ne.