Nansans da muke jifan juna da ita

Cikin kalmomin Turancin da suka samu gindin zama a bakinmu, ban ga wadda ake wahalarwa kamar nonsense ba. Mu dai nansans muke cewa. Oga a ofis, malami a aji, direban da aka sha gabansa a danja, kowa da ita yake rufe bakin ɗan'uwansa.

Asalinta guda biyu aka haɗa. Non na kore abu ne, kamar mu ce maras. Sense kuma daga Latin ta gangaro, daga sentire, wato ji, ta biyo ta Faransanci ta shiga Turanci da nufin ma'ana ko hankali. A farkon shekarun 1600 aka fara ganin su a haɗe cikin rubutun Ingila. Magana ake nufi, wadda in ka tace ta ba ka samun komai, sannan ta haɗa da aikin wauta. A wajenmu ne ta koma zagin mutum ɗungurungum, har ka ji ana cewa "nansans mutum kawai".

Su Turawan ma ba kullum suke ƙyamarta ba. Edward Lear, wanda aikinsa zanen tsuntsaye da dabbobi ne a gidan wani basarake a Ingila, ya riƙa tsara wa yaran gidan waƙoƙin shirme da gangan. A 1846 ya buga su littafi, har yau ana karanta wa yara. A wani littafinsa na 1957 kuma masanin harshe Noam Chomsky ya kawo wata jimla don ya nuna magana na iya bin ƙa'idar nahawu tsaf amma ta tashi fanko: wai korayen tunane-tunane marasa launi suna barci a fusace. Ka sake karantawa. Kore ne kuma ba shi da launi, tunani ne kuma yana barci. Wannan ita ce nansans ta ainihi, kana iya ɗora yatsa a kan inda ta karye.

Mu fa? Ku lura, kalmar nan daga sama take gangarowa, ba ta hawa. Ka taɓa jin masinja ya ce wa darakta nansans? Ko ɗalibi ya ce wa farfesa? Tun zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na 1984, lokacin da ake yi wa Tunde Idiagbon, mataimakin Buhari a mulkin soja, kirarin no-nonsense, wato sojan da ba ya ɗaukar wargi, muke jin kalmar da ƙamshin iko. Mai faɗinta ba ma'anar zancenka yake aunawa ba, matsayinka yake tuna maka.

Abin haushin, da Hausa mutum zai yi magana da dole ya zaɓa. In zazzaɓi ne ke sa ka surutai, sambatu ne. In zancen ba kai ba gindi, soki-burutsu ne. In yarinta ce, shirme ko shiririta. In kuwa ka san gaskiya ka murɗe, sunanta ƙarya, kuma wanda ya ce ka yi ƙarya sai ya kawo shaida. Nansans ta kwashe duka ta zuba a buhu ɗaya, ta hutar da mai faɗinta kawo hujja.

Shi ya sa ta yi kasuwa a Facebook. Bawan Allah zai rubuta cewa asibitin garinsu babu magani, ya sa hoton kantar da babu komai a kai, sai wani ɗan kanzagi ya zo ƙasa ya rubuta nansans da manyan baƙaƙe ya wuce. Malam, wane ɓangaren ne nansans ɗin? Hoton ne na bogi, ko asibitin ne ba a garin yake ba? In akwai maganin, faɗa mana ɗakin da aka ajiye shi, masu jinya su je su karɓa.