Manhaja ba ta tsufa kamar janareta

Duk ranar da manhajar biyan albashi ta tsaya a ofishinmu da ke Wuse, sai ka ji an ce, "Ai ta tsufa, ta gaji." Maganar nan ta fara isata. Ban ga laifin masu faɗinta ba, haka muka saba gani a janareta da mota: ƙarfe na cinyewa, bel na tsinkewa.

Amma manhaja rubutaccen umarni ce, ba ta da abin da zai goge. Kuskuren da ya ɓullo yau yana kwance tun ranar da aka rubuta ta, bayanan da za su taɓo shi ne ba su zo ba sai yanzu. Wani lokacin kuma gyara aka yi mata, gyaran ya shigo da nasa kuskuren.

Dubi rokar Ariane 5 ta Turai, wadda ta tarwatse ranar 4 ga Yunin 1996, ko minti ɗaya ba ta yi da tashi ba. Manhajar da ke lura da saitinta daga Ariane 4 aka ɗauko ta, inda ta yi shekara da shekaru tana aiki lafiya lau. Sabuwar rokar ta fi tsohuwar gudu, sai wata lamba ta fi ƙarfin gurbinta mai bit 16, wato ɗan wurin da aka ware mata a ƙwaƙwalwar kwamfutar rokar, sai kwamfutar ta tsaya. Kwamfutar ko-ta-kwana ma ta tsaya, don manhaja ɗaya ce a cikinsu.

Shi ya sa injiniyoyin manyan masana'antu ke auna awa nawa manhaja take aiki kafin ta gaza, kuma suna gwada ta da irin bayanan da za ta riƙa karɓa a bakin aiki.