Wai Ɗan Afirka Ba Ya Gajiya

Ku da kuka ga bidiyon nan na faɗuwata a kan keke a guruf, ku tsaya ku ji daga bakina, domin abin da Baballe yake bazawa rabinsa gishiri ne.

Ɗan Lao Chen mai sito, dogon nan mai tabarau da ke ƙirga mana kwalaye, shi ya gayyace ni hawan dutse da keke ranar Asabar. Suna da ƙungiya, duk ƙarshen mako sai su tafi dutsen Huolu Shan, can gefen unguwar Tianhe a nan birnin Guangzhou na ƙasar Chana. Na faɗa masa ni keken da na sani shi ne ruwan ɗorawar nan na haya da ake buɗewa da waya, yuwan ɗaya da rabi, in lallaɓa daga unguwar Xiaobei zuwa masallacin Juma'a in dawo. Ya dafa kafaɗata ya ce ai mu 'yan Afirka ƙarfi a jininmu yake. Ni kuma ina lallaɓar babansa ya ɗaga min ƙafa a kan kuɗin ajiya, sai na ce to.

Duk wanda ya zauna Guangzhou ya san yadda aka raba mu. Farar fata malamin Turanci ne mai kuɗi, ko da ɗan Rasha ne da bai iya gaisuwa da Turancin ba. Baƙar fata kuwa ko ɗan ƙwallon kwando, ko ɗan tsere, ko mai rawa. Ka ce daga Najeriya kake, a gyaɗa kai a ce "Feizhou", wato duk Afirka gari ɗaya ce, sannan a tambaye ka ko zafin Guangzhou sanyi ne a wurinka. Akwai direban tasin da ya nace sai na faɗa masa yadda muke korar zaki daga ƙofar gida. Ni da na tashi a Fagge! To amma mu ma ba a bar mu a baya ba, kun san abin da yaran Kantin Kwari suke kiran duk ɗan Chana da shi, kuma har gobe Baballe ya yi imani Lao Chen, tsoho mai ciwon baya, ya iya kunfu.

Ba a shiga metiro, wato jirgin ƙasa na cikin gari, da babban keke, don haka yaron ya ɗauki wanda zan hau a motarsa, ya aiko min da kaya: riga mai kama jiki, hular kwano, takalmi mai ƙarfe a tafinsa, da wani matsattsen gajeren wando mai soso a mazauni. Na sa su, na kalli madubi, na yi istigfari, na zura jallabiya a kai. Layi na 5 daga Xiaobei, na sauya a Ouzhuang zuwa layi na 6, na sauka Kemulang. Kujerar gefena kamar kullum ba kowa duk da jirgin a cike yake, abin da na daina jin haushinsa tun da na gane wurin ajiye jaka ne kyauta. Takalmin nan kuwa ƙwas ƙwas a kan tayil, duk tashar sai da ta juyo. A waje babu acaba, tun 2007 aka hana babur a tsakiyar birnin, sai masu babur ɗin lantarki da ke laɓewa a bakin tasha. Wanda ya ɗauke ni ya ninka min kuɗi saboda laowai ne ni, wato baƙon ƙasar waje. A wurin biya kaɗai ake haɗa mu da Turawa.

Ina isa suka sa tafi. Wallahi tafi. Na cire jallabiya, wani ya matsa min dantse ya jinjina kai, wani ya tambaye ni ko na san ɗan tseren nan Kipchoge. Na ce wancan ɗan Kenya ne. Ya ce ai shi ne. Shugabansu, mai keken da aka ce kuɗinsa ya fi na ƙaramar mota, ya yanke hukuncin ni zan shiga gaba in ja su, amma don Allah in tausaya musu, kada in yi sauri. Yaron ya riƙe min keke, ya ce in danna ƙafa a kan feda. Ƙas, ƙas, takalmi ya kulle da feda. Ya ɗaga min babban yatsa. Yadda ake kullewa ya nuna min. Yadda ake cirewa kuwa, ya ɗauka a Afirka da shi ake haihuwarmu.

Dutsen nan tsayinsa ɗari uku da 'yan kai ne a mita, tsofaffi ma hawansa suke yi su ɗebo ruwa. Farkon hanya lafiya lau, har na fara tunanin ko gaskiyarsu ce, akwai wani abu a jinin. Kwana ta biyu hanya ta miƙe tsaye. Ƙasa ja, saiwoyi, tsakuwa. Na taɓa wani maɓalli a hannun keke, feda ta yi nauyi kamar an ɗaure ta. Na taɓa ɗayan, ta ƙara nauyi. A bayana mutane sun jeru ba wanda ya wuce, saboda ladabi, sun ɗauka dabara ce. Ina jin ɗaya yana yi wa na kusa da shi bayani, daga baya yaron ya fassara min: wai haka ƙwararru suke yi, suna tara ƙarfi.

Sai ga wata tsohuwa ta hagu. A ƙafa. Tana jan ɗan amalanke da jarkoki biyu, rediyo a wuya yana waƙar Kantonis. Ta zo daidai ni, ta dube ni, ta ce "jiayou", wato ƙara himma, ta wuce. Ba sauri take yi ba. Har tsayawa ta yi ta gyara takalminta, kuma ban cim mata ba.

A nan keken ya tsaya. Tsayawa ta gaske, taya ba ta motsi. Na ce bari in sa ƙafa a ƙasa. Ƙafa ta ƙi. Na ja dama, tana nan. Na ja hagu, tana nan. Jama'a, faɗuwa iri biyu ce. Akwai wadda kafin ka ankara kana ƙasa, wannan rahama ce. Tawa kuwa ta ba ni lokaci. Na ga bishiya tana karkata. Na ga fuskar shugaba, bakinsa a buɗe. Na samu sararin karanta innalillahi har ƙarshe, na tuna ban biya kuɗin makarantar Ummi ba, na kuma lura wata mata ta riga ta ɗaga waya. Haka na sulale kamar buhun gero da aka jingina ba daidai ba, na kwanta a gefen hagu cikin ciyawa, hannaye na riƙe da kan keke, ƙafafu a kan feda, zama daram irin na mai tuƙi, sai dai a kwance. Tayar gaba tana ta juyawa, abin da ta ƙi yi lokacin da nake buƙata.

Duk wannan zan iya yafewa. Wanda ba zan yafe wa ba shi ne mutumin singileti. Ba ɗan ƙungiya ba ne, ba keke gare shi ba, daga ina ya ɓullo Allah masani. Ya naɗe singiletinsa har ƙirji, tumbi a waje, goran shayi a hannu. Mutane suna ƙoƙarin murɗa min dunduniya su cire takalmi, shi kuwa ya tsaya a kaina, hannu ɗaya a baya, ya buɗe lacca. Na ce wa yaron me yake cewa? Ya ce ba komai. Na ce faɗa min. Wai cewa yake wannan ba ɗan Afirka na asali ba ne, ƙila Ba'amurke ne, na asalin ya gan su a talabijin, ba sa haki. Da aka ce masa daga Najeriya nake, sai ya sauya fatawa: to shinkafar Chana ce ta lalata shi. Ya sunkuya ya dangwali cikina da yatsa don jama'a su ga hujja. Cikina! Mutumin da nasa ya ninka nawa biyu. Kuma yana gamawa ya miƙa wa shugaba wayarsa, ya tsuguna kusa da kaina, ya ɗaga yatsu biyu aka ɗauke mu hoto, ina kwance. Yanzu haka hoton nan yana wani guruf na dangi a WeChat, kuma na tabbata ya rubuta shi ya cece ni. Bai tafi ba fa. Har gindin dutse ya biyo mu yana kurɓar shayi, duk wanda muka gamu da shi sai ya tsayar da shi ya nuna ni ya sake bayani daga farko, da kwatancen yadda na karkata.

Tsohuwar ce ta dawo, Allah ya saka mata. Ta ciro wani jan man zafi ta shafa min a gwiwa, ta ba ni ruwa, tana ta yi wa yaran faɗa. Da ta gama ta ɗan juya baya ta duba tafin hannunta ko launi ya fita. Na gani, na yi kamar ban gani ba.

Keken kuwa, yaron ne ya turo shi ƙasa, ni kuma ina bin sa a baya da safa, takalmi a hannu. Batun kuɗin ajiya har yau Lao Chen bai ce uffan ba, sai dai duk lokacin da na shiga sito ya karkata gefe a hankali, ma'aikata su fashe da dariya. Jiya kuma yaron ya turo min saƙo, wai kamfaninsu suna da wasan ƙwallon kwando Lahadi kuma sun riga sun sa sunana. Ban amsa saƙon ba tukuna. Wa yake da lambar mai gashin ƙashin nan na bayan ginin Tianxiu?