"Arsenal are winning" ba kuskure ba ne

Ɗalibai da yawa suna ganin kamar mai sharhin ƙwallo ya yi ɓaranɓarama idan ya ce "Arsenal are winning", tunda ƙungiya ɗaya ce. Bai yi ba. A Turancin Ingila haka aka saba, domin 'yan wasan ake kallo, ba kulob ɗin ba. Haka ma ƙungiyoyin mawaƙa: "Coldplay are touring". Ba'amurke kuwa "is" zai ce, sai dai in sunan kansa jam'i ne, kamar ƙungiyar ƙwallon kwando ta Lakers, inda kowa ke cewa "are".

Mu ma ai a gidan kallo "Arsenal sun ci" muke cewa, a jarida kuma mu karanta "Arsenal ta ci". Abin da malamin Turanci zai ja maka jan biro a kai shi ne ka fara jimla da "is", ka ƙare da "their".