Yaƙi ne ya sauya suturar matan Turai, ba teloli ba

A 1910 matar Landan takan sha doguwar riga har ƙasa, ga wata 'yar ciki mai ƙarafa da ke ɗaure mata ƙugu tamau. Zuwa 1926 'yarta ta datse gashi, siket ɗinta iya gwiwa. Masu wa'azi a coci-coci sun yi ta ɗora laifin a kan teloli da 'yan fim. A ganina sun bar jaki suna dukan taiki.

Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1914 zuwa 1918, ya kwashe maza zuwa fagen daga, Faransa kaɗai ta rasa sojoji fiye da miliyan ɗaya. Mata suka cike gurbi a masana'antun harsasai, da ofisoshi, da motocin haya. To wadda za ta wuni a gaban inji yaya za ta yi da rigar da ke sharar ƙasa? Kuma wadda ta saba karɓar albashi a hannunta, da wuya a ci gaba da zaɓa mata abin da za ta saka. A 1918 matan Birtaniya da suka kai shekara 30 suka fara samun damar kaɗa ƙuri'a, na Amurka suka samu a 1920.

Coco Chanel, mai tsara tufafi 'yar Faransa da ake ta kambamawa, ta dai iya karanta kasuwa ne. Ta ɗauki yadin jesi, wanda a da kayan cikin maza ake ɗinkawa da shi, ta yi wa mata riguna marasa nauyi. Da ba ta yi ba, da wata ta yi.

Sabon abu na gaske shi ne saurin yaɗuwar yayi. BBC ta fara watsa shirye-shirye a 1922, faifan garmaho ya kai kiɗan jaz na baƙaƙen fatar Amurka har Paris da Berlin, a 1927 kuma fim ya fara magana. Ba kowa ya ci riba ba, don makaɗan da ke rakiyar finafinan bebaye a sinima sun rasa abin yi.

Masu son a dawo da tsohon yayi sun ɗan ga abin da suke so bayan 1929, lokacin da kasuwar hannun jari ta New York ta rushe. Siket ya sake sauka, a 1934 kuma aka tsananta tace finafinan Hollywood. A Jamus abin ya wuce tacewa: 'yan Nazi sun matsa wa makarantar zane ta Bauhaus har ta rufe a 1933, a 1937 suka baje zane-zanen zamani a Munich don jama'a su yi musu dariya. Wasu manyan malaman Bauhaus kuwa suka tattara nasu ya nasu suka nufi Amurka, Walter Gropius ya koma koyarwa a jami'ar Harvard, Mies van der Rohe a Chicago.