Ƙwaya uku a gaban ma'aikaciyar lafiya

Mai juna biyu tana iya ɗauke da maleriya ba zazzaɓi, ba ciwon kai, tana harkokinta lafiya lau. Ƙwayoyin jinin da cutar ta kama sukan maƙale a mabiyiya, su rage abinci da iskar da ke isa ga ɗan tayi. Wani lokaci ma a soki yatsa a gwada, gwajin ya ce babu komai, alhali abin yana can ciki yana ɓarna. Sai daga baya a gani: uwa ta yi ƙarancin jini, jariri ya zo bai kai kilo 2.5 ba, ko bakwaini, ko a yi ɓari, ko ya zo ba rai. Mai cikin fari ta fi kowa shiga haɗari, domin jikinta bai riga ya koyi yaƙi da cutar a mabiyiya ba.

Shi ya sa nake goyon bayan a ba ma'aikatan lafiya na unguwa maganin rigakafi su bi gida gida. Wadda ba ta jin ciwo ba ta gaggawar zuwa asibiti, kuma ita ce ake so a samu.

Maganin shi ne SP, wanda aka fi sani da Fansidar. Ƙwaya uku ake sha lokaci guda. Ana farawa daga mako na 13, ba kafin nan ba, a bar aƙalla wata ɗaya tsakanin sha da sha, a ci gaba har haihuwa. Mafi ƙaranci sau uku. Ko ta ci abinci ko ba ta ci ba, babu laifi. Amma har yanzu waɗanda ke samun zagaye ukun a Afirka ba su kai rabi ba, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne ba a fara awo sai ciki ya tsufa, lokaci ya ƙure.

Inda aikin ke lalacewa shi ne a miƙa wa mace ƙwayoyin a ce ta sha in ta huta. Wata za ta raba su safe, rana, dare. Wata ta ajiye sai ranar da jikinta ya yi zafi. Wata ta ba yaro. Ka'ida ita ce ma'aikaciya ta tsaya, a kawo ruwa mai tsabta, ta ga an haɗiye, sannan ta rubuta kwanan wata a katin awo. Rubutun nan ba ƙaramin abu ba ne: in babu shi, za a iya ba ta a gida yau, bayan mako guda a sake ba ta a asibiti.

Kafin a ɓare maganin akwai tambayoyi. Shin maganin sulfa, wato dangin magungunan da SP ke ciki, ya taɓa fito mata da ƙuraje ko ya saɓule mata baki? In haka ne, ba a ba ta. Tana shan Septrin kullum saboda cutar ƙanjamau? Ba a haɗa su, ’yan gida ɗaya ne, kuma wannan tambaya a keɓe ake yin ta, ba a tsakar gida ba. Sai maganin ƙarin jini, wanda mutane da yawa ba su lura da shi: folik asid mai ƙarfin miligiram 5 yana rage wa SP ƙarfi. Mai 0.4 ake so. A duba kwalin.

Masu adawa suna cewa in magani ya iske mace a gida za ta daina zuwa awo. Damuwa ce mai tushe, domin ma'aikaciyar unguwa ba ta maye gurbin awon jini, gwajin fitsari da duba kwanciyar ɗa. Sai dai an gwada. Shirin TIPTOP ya yi wannan aiki a Najeriya, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, Madagaska da Mozambik daga 2017 zuwa 2022. Masu samun zagaye uku sun ƙaru, zuwa awo kuma bai ragu ba. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a bi wannan hanya a inda awo ke da wahalar samu. Sharaɗin dai kowace ziyara ta ƙare da tura mace asibiti, da duba ko gidan sauro mai magani yana rataye, ba ninke a cikin leda ba.

In kuwa zazzaɓi ya riga ya zo, SP ba maganinsa ba ne. A yi gwaji. In ya nuna cutar, artemita-lumefantirin ake ba ta, wanda tun 2022 aka yarda da shi har a watanni ukun farko: ƙwaya huɗu sau biyu a rana, kwana uku, jimla 24, sha na biyu bayan awa takwas, tare da madara ko abinci mai maiƙo don ya shiga jiki. Jijjiga, amai ba tsayawa, fitsari baƙi, zubar jini, numfashi da ƙyar, ko ɗa ya daina motsi, waɗannan sun wuce hannun ma'aikaciyar unguwa. Asibiti kai tsaye, inda za a yi allurar atesunet, maganin maleriya mai tsanani.