Gajeren kod ɗin da bai san miƙaƙƙen layi ba

Don Allah a daina cewa yaron nan da alƙalai suka ba na ɗaya ne ya ci gasar ranar Asabar, gasar rubuta kod mafi gajarta, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta. Bai ci ba. Alƙalai ne suka zauna ƙirga haruffa, suka manta da gwada aikin.

Kun dai san tambayar: a ba ka ɗigo uku, kowanne da x da y ɗinsa, wato lambobi biyu da ke nuna inda yake, kod ɗinka ya faɗi wace irin alwatika ce. Yaron ya rubuta layi ɗaya a Python, wani yaren rubuta kod, aka yi ta tafi, hoton allon ya zaga WhatsApp daga Marwa har Garwa a Kamaru. To ku ɗauki layin nan ku ba shi (0,0), (1,1), (2,2). Zai ce muku alwatika ce mai gefe biyu daidai. Wace alwatika? Ɗigo uku ne a jere kan layi guda, faɗin filinsu sifiri ne. Kod ɗin da bai tambayi wannan ba tun farko bai yi aiki ba, ko da harafi goma ne.

Ku sake ba shi (0,0), (1,1), (2,0). Duk ɗan lise, wato sakandare, da ya zana wannan a takarda zai ga kusurwa mai digiri 90 a sama. Layin gwarzonku ya ce babu. Dalili? Ya sa sqrt, umarnin da ke nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wadda aka bayar, ya fitar da tsawon kowane gefe, sannan ya dawo ya ninka shi da kansa don ya gwada ƙa'idar Fitagoras, wadda da ita ake gane kusurwa mai digiri 90. Kwamfuta ba ta mayar maka da 2 cif a nan, 2.0000000000000004 take bayarwa, ka haɗa biyu ka kwatanta da 4 ta ce ba ɗaya ba ne. Abin da ya fi ci mini rai, da ya bar tsawon a ninke bai taɓa sqrt ba, da amsar ta fito daidai, kuma da layin ya ƙara gajarta!

Masu ce mini "ai gasar gajartawa ce", na ji ku. Ni ma ina son wasan nan, yana wasa ƙwaƙwalwa. Amma sharaɗinsa na farko kod ya ba da amsa daidai, sannan a zo ƙirga haruffa. Masu cewa yaro ne kada a kashe masa gwiwa, ita ƙanwar tamu da ta zo ta biyu a gasar fa? Nata ya yi tsawo, amma duk abin da aka jefa masa ya amsa. Ita ba ta da gwiwa? Wallahi yaron yana da kai, kuma gata mafi girma da za a yi masa shi ne a zaunar da shi a nuna masa ɗigo ukun nan.

Malamai masu tsara tambaya, ku ma da sauranku. Kun ce lambobi cikakku kawai za a bayar, kuma kuka sa "mai gefe uku daidai" cikin amsoshi. Irin wannan alwatika ba ta taɓa fitowa daga cikakkun x da y, sai da √3 a ciki.

Sannan in za a sake, a nemo ɗaki mai wurin caji. Yara sun yi layi kan soket biyu, wasu a waya suka ƙarasa rubutu, wasu kwamfutarsu ta mutu tun kafin la'asar.